Kwalba Ɗaya Don Ƙoda da Hanta: Cinikin da Ke Bunƙasa a Kan Tsoron Jama'a

Ranar kasuwa ce, rana ta take. A bakin tasha wata tsohuwar mota ta faka, an ɗaure mata lasifika biyu a kan rufi, an buɗe but an jera kwalabe da jarkoki da ƙullin gari a leda. Muryar da ke fita daga lasifikar ba ta farawa da sunan magani. Tambayoyi take jerowa. Kana tashi da ciwon baya? Fitsarinka yana yin ja ko rawaya? Kana yawan kasala, bakinka na ɗaci, cikinka na kumbura in ka ci abinci? To ƙodarka ta yi datti, hantarka ta gaji, in ji muryar, kuma ga abin da zai wanke su tas cikin mako guda.

A cikin masu sauraro akwai manomin da ya wuni a duƙe, da ɗan dako, da direban adaidaita sahu da bai kurɓi ruwa ba tun safe. Da wuya a samu wanda ba a taɓo abin da ke damunsa ba. Kafin la'asar kwalaben sun ragu sosai.

Wannan ciniki ya daɗe a kasuwanninmu, amma a 'yan shekarun nan ya sake kama. Ya shiga gidajen rediyo inda ake sayen fili na rabin awa, ya shiga TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp, ya samu kwalba mai kyan gani da takarda mai sheƙi. A da basir da sanyi da ƙarfin maza ne kan gaba a talla. Yanzu ƙoda da hanta sun bi sahu, domin su ne cututtukan da mutane suka fi jin tsoro.

Tsoron yana da tushe

Ba mai talla ne ya ƙirƙiro tsoron ba, tarar da shi ya yi. Kusan kowace unguwa a Arewa ta san wani da aka ce ƙodarsa ta daina aiki, aka yi ta karo-karo a masallaci don a kai shi wankin ƙoda. A Gashuwa da Nguru da sauran garuruwan da ke bin kogin Yobe, har zuwa yankin Haɗeja a Jigawa, yawan masu ciwon ƙoda ya kai ga gwamnatin Yobe ta sa masana su binciki lamarin. Ana zargin ruwan sha, da magungunan feshi na gona, da tsananin zafi ga masu aikin ƙarfi, amma har yanzu ba a tsayar da sanadi guda ba.

Wankin ƙoda kuwa ba abin wasa ba ne. Ƙa'ida ita ce a hau na'ura sau uku a mako, kowane zama kamar awa huɗu, kuma kowane zama yana cin dubun-dubatar naira. Gwamnatin tarayya ta sanar da rangwame a wasu asibitocinta, daga wajen naira dubu 50 zuwa dubu 12, sai dai cibiyoyin kaɗan ne, layin kuma dogo. Mafi yawan marasa lafiya ba sa iya jurewa fiye da 'yan watanni kafin kuɗi ya ƙare. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, amma dashe yana cin miliyoyi, bayansa kuma akwai magani na har abada.

Ta ɓangaren hanta, babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna cewa kimanin mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, kamar 1 cikin 100 kuma nau'in C. Miliyoyin mutane ke nan, akasarinsu ba su sani ba. Da yawa sai sun je ba da jini, ko gwajin aure, ko neman aiki, sannan a miƙo musu takarda a ce suna da ita. Mutum ya fito daga ɗakin gwaji a ruɗe, babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani, ya buɗe waya ya tarar da wani yana rantsuwa cewa yana da maganin da ke kawar da ita cikin kwana arba'in. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Cutar ake fara sayarwa

Abin da ya sa wannan talla take ci shi ne ƙoda da hanta ba sa kuka da wuri. Ƙoda biyu suna tace ruwa kusan lita 180 daga jini a rana, kuma mutum yana iya rasa fiye da rabin aikinsu bai ji komai ba. Hanta ma haka: ƙwayar cuta tana iya shafe shekara ashirin tana cin ta a hankali, mai ita yana noma yana kasuwa. Lokacin da alamu na gaske za su bayyana, wato kumburin ƙafa da fuska, fitsari mai kumfa, amai, ƙaiƙayin jiki, ruwa a ciki, rawayar ido, sau da yawa an riga an yi nisa.

Alamun da lasifika ke lissafawa kuwa yawancinsu ba na ƙoda ba ne. Ciwon baya na yau da kullum daga tsoka da ƙashin baya yake fitowa. Fitsari yana yin duhu idan mutum bai sha isasshen ruwa ba, kamar yadda kowane mai azumi ya sani a watan zafi. Ɗacin baki da kasala suna bin zazzaɓin cizon sauro. A ganina nan ne laifin ya fi girma: kafin a sayar wa mutum magani, sai an fara sayar masa da cutar da ba shi da ita, shi kuwa mai cutar ta gaske an kawar da hankalinsa daga gwajin da zai nuna ta.

Wasu sun ƙara da na'ura. Za a ba ka wani ɗan ƙarfe ka riƙe a tafin hannu, kwamfuta ta fitar da dogon jerin cututtuka cikin minti biyu, da ƙoda da hanta a sama. Babu wani tushe na kimiyya da ke nuna riƙe ƙarfe yana auna aikin ƙoda. Abin da ke auna shi gwajin jini ne na sinadarin kiriyatinin, da gwajin fitsari don ganin ko furotin yana zuba, da awon hawan jini da suga, waɗanda su ne manyan masu kashe ƙoda a ko'ina. Hanta kuma gwajin jini ne da hoton ciki.

Maganar datti ma tana buƙatar gyara. Ƙoda da hanta su ne masu tsabtace jiki, kuma babu wani jiƙo da aka tabbatar yana shiga ya wanke su. Idan ƙananan matatan da ke cikin ƙoda suka mutu suka zama tabo, ba sa dawowa. Abin da magani ke iya yi shi ne kare waɗanda suka rage.

An yi irinsa a Amurka

Wanda ya duba tarihin wannan sana'a a wasu ƙasashe zai sha mamakin yadda salon bai canja ba. A 1879 wani attajiri mai suna H. H. Warner, a birnin Rochester na jihar New York, ya fara sayar da wani ruwa a kwalba mai suna Safe Kidney and Liver Cure. Asalin sana'arsa sayar da akwatunan ƙarfe na ajiyar kuɗi ce, shi ya sa ya zana hoton akwatin a jikin kwalbar. Labarin da ya riƙa bayarwa shi ne ciwon ƙoda ya kusa kashe shi, wannan haɗin ya tashe shi. Da wannan labari da tallar jarida ya buɗe rassa a Toronto da Landan da Melbourne da Frankfurt.

A garin Binghamton kuma akwai Swamp Root na gidan Kilmer. Tallarsu tana umartar mai karatu ya zuba fitsarinsa a kwalba ya ajiye kwana ɗaya, idan ya ga wani abu ya kwanta a ƙasa to ƙodarsa ta kamu. Fitsarin lafiyayyen mutum ma yana yin hakan idan ya kwana. Dabarar ke nan da ake yi mana yau da lasifika: a ɗauki abin da kowa ke gani a jikinsa a mai da shi alamar mutuwa.

Abin da ya karya su bincike ne da doka. A 1905 ɗan jarida Samuel Hopkins Adams ya yi jerin rahotanni a mujallar Collier's yana tona asirin masu irin waɗannan magunguna. A 1906 Amurka ta kafa dokar abinci da magunguna wadda ta tilasta bayyana sinadarai irin su barasa a jikin kwalba, aka ƙara mata ƙarfi a 1912 don hana iƙirarin warkarwa na ƙarya. A Ingila ƙungiyar likitoci ta kai irin waɗannan kwalabe ɗakin gwaji ta buga sakamakon a 1909. A cikin na Warner an samu barasa, da gilisarin, da gishirin fotasiyam, da ɗan abin ƙamshi. Fotasiyam kuwa yana cikin abubuwan da ake hana mai ciwon ƙoda, domin idan ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya.

Me ke cikin tamu kwalbar?

Sau da yawa mai sha bai sani ba, wani lokacin mai sayarwar ma bai sani ba, domin sari ya yi. Takardar jiki takan ce haɗin itatuwa ne kawai, ba suna, ba awo. Kofi ɗaya na yau yana iya ninka na jiya ƙarfi, gwargwadon saiwar da aka samu da daɗewar da ta yi a wuta.

Kasancewar abu daga itace yake bai sa ya zama mara illa ba. A farkon shekarun 1990, a birnin Brussels na Beljiyam, mata fiye da ɗari sun samu mummunar lalacewar ƙoda bayan shan wani haɗin rage ƙiba da aka sa wa tsiron Aristolochia bisa kuskure. Da yawa sun ƙare a kan na'urar wanki ko dashe, wasu kuma daga baya suka kamu da dajin hanyar fitsari. A Afirka ta Kudu likitoci sun daɗe da sanin wata saiwa da ake kira impila, wadda ke lalata hanta da ƙoda cikin 'yan kwanaki. A Amurka ta yau, kusan kashi ɗaya cikin biyar na raunin hanta da magani ke jawowa daga kayan itatuwa da na ƙarin kuzari yake fitowa.

A gida ma an gani. A 2023 jaridar Premium Times da cibiyar DUBAWA sun kai wani shahararren maganin ruwa da aka fi sani da Baban Aisha ɗakin gwaji, suka ruwaito cewa ya yi wa ƙoda da hantar dabbobin gwaji illa. Bayan rahoton hukumar NAFDAC ta rufe inda ake haɗa shi a jihar Kaduna. Magani ne mai araha da aka daɗe ana sha a tashoshi da kasuwanni kafin wani ya tambayi abin da ke ciki.

Akwai kuma algus. Gwaje-gwaje a ƙasashe da dama sun sha gano magungunan da ake kira na gargajiya an cakuɗa su da ƙwayoyin asibiti, musamman masu kashe ciwo da irin su deksametason. Wanda ya sha zai ji ciwo ya lafa, cin abinci ya buɗe, har ya yi ƙiba, sai ya ce magani ya karɓe shi. Amma masu kashe ciwo irin su diklofenak da ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, deksametason kuma yana ɗaga suga da hawan jini, yana iya tayar da ƙwayar cutar hanta da ke kwance.

Adalci ne a faɗi cewa haɗarin bai tsaya ga jiƙo ba. Haɗin ƙwayoyi da ake ƙulla wa leburori a kemis don gajiya, da mayukan bilicin masu sinadarin makuri, duk suna cin ƙoda. Maganin haƙoran yara na My Pikin, wanda ya kashe yara sama da 80 a Najeriya a 2008, daga masana'anta ya fito, haka ma ruwan maganin tari da aka danganta da mutuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022. A duka biyun ƙoda ce ta fara tsayawa.

"Ai wane ya sha ya warke"

Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi a bakin jama'a, kuma masu faɗinta galibi ba ƙarya suke yi ba. Sun ga mutum idonsa ya yi rawaya, ya sha sassaƙe, ya washe. Abin da ba a gaya musu ba shi ne ciwon shawara iri-iri ne. Wadda nau'in A ko E ke kawowa ta gurɓataccen ruwa takan tafi da kanta cikin makonni, ko an sha magani ko ba a sha ba, duk da cewa nau'in E yana da haɗari ƙwarai ga mai ciki, kamar yadda aka gani a ɓarkewar Diffa a 2017.

Nau'in B ma, idan babba ne ya kamu sabo, fiye da 9 cikin 10 jikinsu yana kawar da ita cikin wata shida. Duk abin da mutum ya sha a wannan tsakani shi zai samu yabo. Wanda ya kamu tun yana jariri kuwa, akasari tana zama masa ta dindindin, kuma shi ne wanda zai sha kwalba goma gwaji bai canja ba. Shi ba a kawo shi rediyo ya ba da shaida. Ƙaramar tsakuwar ƙoda ita ma takan fita da kanta idan an sha ruwa da yawa, kuma kusan kowane jiƙo da ruwa mai yawa ake shan sa.

Lambar NAFDAC ba shaidar warkarwa ba ce

Mai talla yakan ɗaga kwalba ya nuna lamba ya ce gwamnati ta amince. Ga abin da lambar take nufi. Yawancin magungunan itatuwa NAFDAC tana ba su rajista ta wucin gadi ne, ta shekara biyu, da lamba mai ƙarewa da harafin L, bayan an duba cewa samfurin da aka kawo ba shi da guba a gwajin da aka yi. Ba a gwada ko yana warkar da abin da aka ce yana warkarwa ba. Shi ya sa ake tilasta rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Rubutun da Turanci yake, da ƙananan haruffa, tallar kuwa da Hausa take, da babbar murya.

Dokokin suna nan. Tallar magani tana buƙatar izinin NAFDAC, dokar watsa labarai ta hana iƙirarin warkarwa ba hujja, masu kemis kuma lasisinsu na sayar da ƙananan magunguna ne kawai, ba duba marasa lafiya ba. Ana kai samame lokaci-lokaci, kamar yadda aka rufe shagunan magani sama da dubu a Kano a farkon 2024 don tilasta 'yan kasuwar Sabon Gari komawa cibiyar Dangwauro. Amma motar da ke yawo kasuwa-kasuwa ba ta da adireshi, mai TikTok kuma lambar waya kawai yake bayarwa. Gidajen rediyo, waɗanda su ne suka fi sauƙin kamawa, suna fakewa da sanarwar cewa ra'ayin mai shiri ba nasu ba ne. Ban ga yadda wannan sanarwa za ta wanke gidan da ya karɓi kuɗi ya bar wani yana cewa a daina zuwa wankin ƙoda ba.

Ta bakin masu maganin gargajiya

Masu sana'ar na asali, waɗanda suka gada, suna da nasu ƙorafin. Suna cewa 'yan kasuwa ne suka shigo musu, mutanen da ba su san itace a daji ba sai a buhu. Suna tuna wa mutane cewa kafin asibiti ya zo su ne suke riƙe da lafiyar al'umma, kuma har yau a ƙauyuka da yawa su ne mafi kusa. Suna kuma cewa gwajin da ake nema a kan mutane yana cin kuɗin da ba mai maganin gargajiya da zai iya biya shi kaɗai.

Akwai gaskiya a nan. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha yau daga wani tsiro na ƙasar Sin aka samo shi, aikin da ya ba Tu Youyou kyautar Nobel a 2015. A Abuja, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta samar da Niprisan na masu sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya. Amma a duka biyun hanyar ɗaya ce: an bayyana abin da ke ciki, an auna, an gwada, an ga iyakarsa. Wanda ya ce haɗinsa sirri ne, kuma yana maganin ƙoda da hanta da suga da daji a kwalba guda, ya fita daga wannan layi.

Likitoci su ma ba su kuɓuta daga zargi ba. Mara lafiya yakan kwana a layi ya samu minti uku, a rubuta masa gwaji da Turanci ba bayani, wani lokacin a yi masa tsawa don ya ce ya sha jiƙo. Mai magani kuwa zai ba shi tabarma, ya saurare shi, ya kira shi Baba ko Hajiya, ya yarda a biya kaɗan-kaɗan. Tsawar nan tana da farashi, domin tana sa mutane su ɓoye abin da suka sha, alhali likitan ƙoda yana buƙatar sanin sa, har ma ya ga kwalbar.

Watannin da ake asara

Ko da kwalbar ruwa ce zalla ba guba, tana cin abin da ya fi kuɗi tsada. Mai hawan jini da ƙodarsa ta fara rauni yana iya shekaru masu yawa bai kai ga na'ura ba idan ya riƙe maganinsa, ya rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, ya guji masu kashe ciwo barkatai. Idan ya ajiye wannan ya kama jiƙo na wata shida, yakan dawo asibiti a kumbure, numfashi sama-sama.

Cutar hanta nau'in C yanzu ana warkar da ita da ƙwayoyi cikin kamar wata uku, fiye da mutum 9 cikin 10. Nau'in B ba a kai ga kawar da ita gaba ɗaya ba, amma tenofobir yana danne ta ya rage haɗarin tabo da daji, kuma ba kowane mai ɗauke da ita ne ma yake buƙatar magani ba, wasu bibiya kawai ake yi musu. Babban haɗari shi ne mai shan tenofobir ya daina kwatsam saboda an yi masa alkawarin waraka, domin cutar tana iya tasowa da ƙarfin da zai kayar da hanta. Mai ɗauke da ita kuma ya kiyayi barasa da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, saboda gubar da ke cikinsu tana haɗuwa da ƙwayar cutar ta ninka haɗarin dajin hanta.

Rigakafin nau'in B yana cikin alluran yara na kyauta a Najeriya tun 2004, kuma allurar farko an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, domin ita ce ke tare cutar daga uwa zuwa ɗa. A Arewa mata da yawa a gida suke haihuwa, kuma al'ada takan sa a jira sai bayan suna kafin a fita da jariri. Kwana bakwai ɗin nan sun yi yawa. Ko mai jego ba za ta fita ba, kaka ko gwaggo tana iya kai jaririn asibitin unguwa a ranar da aka haife shi.